Itacen Ceri da Maƙwabtansa: Wane Ne Aboki, Wane Ne Ɗan Rakiya?

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan magana ba ga ɗan Adam kaɗai ta tsaya ba, domin masana kimiyyar halittu sun daɗe da tabbatar da cewa tsiro ma yakan ci moriyar maƙwabcinsa, ko kuwa ya sha wahalarsa. A kan wannan gaskiya ce aka gina dabarar maƙwabtakar shuke-shuke, wato a zaɓi wani tsiro a dasa shi kusa da wani domin ya ƙara masa abinci, ko ya kare shi daga ƙwari, ko ya jawo masa masu yi wa furensa barbara. Daga cikin itatuwan da aka fi yawan rubuta wa jerin abokan zama akwai ceri mai zaƙi, itacen ƙasashen sanyi wanda 'ya'yansa ke da tsada a kasuwannin duniya. Littattafan lambu da dama cike suke da irin wannan jeri: a dasa tafarnuwa a gindinsa, a kewaye shi da fure kaza, a baza masa ganye kaza, shi ke nan an huta da ƙwari da taki.

Matsayin wannan maƙala shi ne, maƙwabtakar shuke-shuke gaskiya ce, amma yawancin jerin da ake yayatawa sun haɗa tsaba da tsakuwa. Abokan ceri waɗanda amfanin gona ya dogara a kansu sau da yawa ba su ma cikin jerin, waɗanda kuwa aka fi zuzutawa 'yan rakiya ne kawai. Ɗalibin da ya iya rarrabe waɗannan biyu ya koyi abin da zai amfane shi a gonar gero kamar yadda zai amfani manomin ceri.

Wane Ne Ceri?

Tun da farko ya kamata a kawar da wani ruɗani. Agwaluma, wadda wasu masu sayarwa a kasuwannin Nijeriya ke yi wa laƙabi da ceri, ba ta da dangantaka da itacen da ake magana a kansa. Haka nan itatuwan nan na ƙasar Japan da ake yi wa bikin fure kowace shekara 'yan uwansa ne, amma don ado ake dasa su. Ceri mai zaƙi shi ne wanda masana suka raɗa wa suna Prunus avium, kalma ta biyu kuwa ma'anarta "na tsuntsaye", saboda yadda tsuntsaye ke cin 'ya'yansa suna yaɗa ƙwallon. Danginsu ɗaya da tuffa da furen wardi. Yana da ɗan uwa mai tsami, Prunus cerasus, wanda aka fi amfani da shi a dafe.

Asalin itacen daga Turai ne da yammacin Asiya da tsaunukan arewacin Afirka, inda har yau yake tsirowa a daji ya kai tsawon mita 20 ko fiye. Ana danganta sunansa da tsohon garin Kerasus, wato Giresun ta yanzu a gaɓar Bahar Aswad ta ƙasar Turkiyya. Marubucin Rum, Pliny Babba, ya ce jarumin yaƙi Lucullus ne ya kai ceri Italiya wajen shekara ta 74 kafin Miladiyya, ko da yake ƙwallayen da masu tonon tarihi suka samu a tsoffin ƙauyukan Turai sun nuna cewa an daɗe ana cin na daji kafin wannan lokaci. A 'yan shekarun nan duniya na samar da tan miliyan 2.5 zuwa 3 a shekara. Turkiyya ce aka saba gani a gaba, sai Cile da Amurka da Uzbekistan da Iran. Cile ta fi kowa fitar da shi waje, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da take fitarwa ƙasar Sin yake tafiya, domin girbinta na Disamba da Janairu yana dacewa da bikin sabuwar shekarar Sinawa.

Amfaninsa

Ana cin ceri ɗanye, ana busar da shi, ana matse ruwansa, ana kuma dafa shi da sukari a yi abin shafa wa burodi. A cikin giram 100 na 'ya'yan akwai ruwa kimanin giram 82, sukari giram 13, bitamin C miligiram 7, da sinadarin fotashiyam kimanin miligiram 220. Jan launinsa daga sinadarin antosayanin yake, dangin wanda ya ba zoɓo launinsa. A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Boston a Amurka sun bi diddigin mutane 633 masu ciwon gaɓoɓin da ake kira gaut, suka ga cewa waɗanda suka ci ceri cikin kwana biyu haɗarin tashin ciwonsu ya ragu da kashi 35 cikin 100. Sai dai wannan bincike na lura ne kawai, bai mayar da ceri magani ba, kuma mai ciwo ba zai bar likita ya koma ga ɗan itace ba.

Katakon ceri ja-ja ne mai santsi, kafintocin Turai na darajanta shi wajen yin kujeru da tebura da kayan kiɗa. Akwai kuma ɓangaren haɗari. Cikin ƙwallon akwai sinadarin amigdalin, wanda idan aka tauna ko aka daka yakan saki gubar sayanaid, ganyen da ya yi yaushi kuma yakan cutar da dabbobi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san dalilin jiƙa rogo mai ɗaci kafin a ci, ko dalilin da ya sa makiyayi ke hana shanunsa cin tohon dawa: guba iri ɗaya ce.

Abin da Maƙwabci Ba Zai Iya Ba

Kafin a zo ga abokan zama, dole a san buƙatun da babu wani aboki da zai biya. Ceri yakan zubar da ganyensa da kaka ya shiga wani irin barci. Idanun furen da zai buɗe baɗi tun bana yake ƙulla su, kuma ba za su farka yadda ya kamata ba sai sun sha sanyi mai tsawo. Yawancin ire-irensa na buƙatar awa 800 zuwa 1,200 cikin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas. Ko ire-iren da aka ƙirƙira a Kalifoniya domin wurare masu ɗumi, kamar Minnie Royal da Royal Lee, suna neman awa 200 zuwa 300. Hikimar wannan tsari a fili take: itacen da ya yi fure a tsakiyar hunturu saboda 'yan kwanakin ɗumi, ƙanƙara za ta ƙone furen, ya yi asarar shekara guda.

Wannan ne dalilin da ya sa ceri bai zama ɗan ƙasar Hausa ba. Sanyin hunturun Kano ko Damagaram, duk da yadda yake sa mutane jin wuta da asuba, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 7, in ya sauka ma na ɗan lokaci ne. Jos da ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 ita ma ba ta tara waɗannan awoyi. Saboda haka duk wanda aka tallata wa dashen ceri mai zaƙi a kan zai yi 'ya'ya a bayan gidansa, ya riƙe kuɗinsa. A nahiyar Afirka ana samun ceri ne a wurare irin su Sefrou ta ƙasar Maroko, inda bikin ceri na shekara-shekara ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2012, da kuma Ficksburg ta Afirka ta Kudu.

A ƙasashen da yake zaune ma ba a rasa shi da rigima. Saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa, don haka sai ƙasa mai zurfi mai tsane ruwa. Sanyin da yake nema a lokacin barci shi ne kuma ajalin furensa idan ya makara ya zo bayan furen ya buɗe, kamar yadda ya faru a Turkiyya a watan Afrilu na 2025, inda ƙanƙara ta lalata babban kaso na girbin shekarar. Idan kuma aka yi ruwan sama gab da girbi, ruwan yakan ratsa fatar 'ya'yan ya shiga ciki saboda yawan sukarin da ke cikinsu, su kumbura su tsage. A jihar Washinton ta Amurka har jirage masu saukar ungulu ake haya su riƙa shawagi a kan gona domin iskarsu ta kakkaɓe ruwan. Babu tafarnuwa ko furen da zai magance ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Aboki na Farko: Wani Cerin

Babban abokin itacen ceri shi ne wani itacen ceri na wani iri dabam. Kowane furen ceri yana da sashen namiji mai fitar da garin fure, da sashen mace mai ɗauke da ƙwai. Amma a yawancin ire-irensa itace ba ya karɓar garin furen kansa. Akwai wani gurbi a cikin ƙwayoyin gadonsa da masana ke kira S, kuma kowane iri yana ɗauke da lamba biyu na wannan gurbi. Idan ƙwayar garin fure ta sauka a kan sashen mace, takan fitar da siririn bututu ya nufi ƙwai. In lambar da take ɗauke da ita ta yi daidai da ɗaya daga cikin lambobin uwar, wani sinadari da ke cikin sashen macen yakan tsayar da bututun a hanya, furen ya bushe ya faɗi. Ta haka itacen ke kauce wa auren zumunta na kusa da kuma raunin da yake jawo wa zuriya.

Misali zai ƙara fito da batun. Irin da ake kira Bing, wanda Seth Lewelling ya samar a jihar Oregon a 1875 ya kuma sa masa sunan shugaban ma'aikatansa ɗan ƙasar Sin, Ah Bing, yana da S3 da S4. Ire-iren Lambert da Napoleon su ma S3 da S4 suke da su. Manomin da ya cika gonarsa da waɗannan uku, yana ganin ya gauraya iri, zai ga fure fari fat amma kwandonsa ya tashi wayam. In kuwa ya sa irin Van mai S1 da S3, rabin garin furensa, wato mai ɗauke da S1, zai wuce ya isa ƙwan Bing. Shi ya sa tsoffin manoma ke dasa abokin barbara a kowane gurbi na uku na kowane layi na uku, wato itace ɗaya cikin tara, tare da lura cewa ire-iren biyu suna buɗe fure a mako guda. Mai dabino ya san wani abu makamancin wannan, tun da ya san macen dabino ba ta haihuwa sai da garin namiji, ko da yake a wurin dabino jinsunan a rarrabe suke a itatuwa dabam-dabam.

Kimiyya ta samo mafita daga baya. A Cibiyar John Innes ta Ingila an haska wa garin fure hasken eksire har aka samu wanda wannan kulle na S ya lalace a cikinsa. Daga zuriyarsa ne K. O. Lapins na tashar bincike ta Summerland a Kanada ya fitar da irin Stella a 1968, wanda ke iya yi wa kansa barbara. Mai lambun da ke da gurbin itace ɗaya kacal irin wannan ya kamata ya nema.

Aboki na Biyu: Ƙudan Zuma

Garin furen ceri yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa yadda take ɗaukar na masara. Sai ƙwari sun kai shi, kuma cikin 'yan kwanaki, domin ƙwan furen ba ya daɗewa da rai. Saboda haka manyan gonaki kan yi hayar amya biyu zuwa biyar a kowace hekta lokacin fure. Matsalar ita ce ceri na fure ne da wuri, wajen watan Afrilu a Turai, lokacin da sanyi da yayyafi kan hana ƙudan zuma na gida fita. A nan ne ƙudajen zuma na daji, irin su dangin Osmia masu zaman kaɗaici a ramukan itace, suke nuna amfaninsu, domin sukan fita aiki a sanyin da na amya ke lafewa. Wani bincike da Andrea Holzschuh da abokan aikinta suka wallafa a 2012 a kan gonakin ceri na Jamus ya nuna cewa yawan 'ya'yan da itace ke riƙewa yana tafiya ne da yawan ziyarar ƙudajen daji, kuma gonakin da ke kewaye da makiyaya da shingayen da ba a nome ba sun fi samun waɗannan baƙi.

A nan ne dasa furanni ke da hujja mai ƙarfi. Furen ceri mako biyu ne, ƙudan daji kuwa yana buƙatar abinci kafin wannan lokaci da bayansa. Furannin da ke buɗewa bi da bi a tsakanin layuka suna riƙe shi a gonar, suna kuma ciyar da ƙwarin da ke farautar ƙwarin darɓa masu tsotse ganyen ceri har ya nannaɗe. Gwajin da aka yi a gonakin ceri na tsakiyar Ingila, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna ƙaruwar irin waɗannan mafarauta a layukan da aka shuka wa furannin daji. Amma ko a nan akwai sharaɗi, domin ciyawar da ta yi fure mai yawa daidai lokacin da ceri ke fure takan janye masa ƙudan, shi ya sa wasu manoma ke yanke ta a wannan mako.

Abokin da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Kusan duk itacen ceri da ke gona itatuwa biyu ne aka haɗa, kamar dai mangwaro mai aure. Reshen sama shi ne irin da ake so, gindin kuwa wani ne dabam. A da ana amfani da cerin daji ko kuma Prunus mahaleb, wanda daga ƙwallonsa ne ake samun mahalab, ƙamshin da ake sa wa burodi a Gabas ta Tsakiya, matan Sudan kuma ke haɗa turare da shi. Waɗannan gindaye kan ba da itace mai girma wanda sai da dogon tsani ake tsinkarsa, yana kuma ɗaukar shekaru biyar ko fiye kafin ya yi 'ya'yan kirki. Aikin da aka fara a Jami'ar Giessen ta Jamus a shekarun 1960 ya haifar da gindin Gisela 5, wanda ke tsayar da itace a mita 3 zuwa 4, ya kuma sa shi fara haihuwa tun shekara ta uku. Gajeren itace ana iya rufe shi da raga ko leda, a kare shi daga tsuntsaye da ruwan sama. Babu wani tsiron da za a dasa a gefe da ya taɓa sauya noman ceri kamar yadda wannan aure ya yi.

Masu Zama a Gindi

Yanzu sai a auna jerin da littattafan lambu suka fi so. Kuloba, 'yar ciyawar nan mai ganye uku-uku, dangin wake ce. A saiwarta akwai ƙullutu inda bakteriyar Rhizobium ke zaune tana kama naitirojin daga iska. Wannan tabbatacce ne. Sai dai takin ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga itace, sai an yanke ciyawar ko saiwarta ta mutu ta ruɓe. Kuma naitirojin da ya yi yawa gab da girbi yakan sa ganye ya bunƙasa, 'ya'ya su makara wajen nuna.

Furen Tagetes, mai ruwan ɗorawa da wari mai ƙarfi, shi ma yana da gaskiyarsa. Saiwarsa na fitar da sinadarin da ke kashe wasu tsutsotsin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, ciki har da Pratylenchus penetrans mai cin saiwar ceri. Amma manoman Holan da suka ci moriyarsa cika fili suke yi da shi maƙil na tsawon watanni kafin su dasa abin da suke so. Tushe huɗu ko biyar da aka jera don ado a gindin babban itace ba za su yi wannan aiki ba.

Tafarnuwa da albasa kuwa, da ake cewa warinsu na korar tsutsar ɓawo da ƙwarin darɓa, gaskiya ne ruwan da aka tatsa daga cikinsu yana da sinadarai masu illa ga wasu ƙwari a ɗakin gwaji. Amma tsakanin wannan da cewa tsiron da ke ƙasa zai kare reshen da ke mita 3 a sama akwai tafiya mai nisa, kuma gwajin gona bai cike wannan tazara ba.

Akwai kuma maƙwabtan da cutarwarsu ta tabbata. Tumatir da dankalin Turawa da barkono da yalo kan tara funfunar Verticillium a ƙasa, wadda ke shiga saiwar ƙananan itatuwan ceri ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ciyawa mai kauri a gindin sabon dashe takan ƙwace masa ruwa da abinci, ta kuma ba ɓerayen daji mafaka su gwaguye ɓawonsa da hunturu, don haka ake barin kimanin mita ɗaya fili a kewayensa. Hatta shingen daji da ke riƙe ƙudan zuma yana da nasa haɗari, domin 'ya'yan itatuwan da ke cikinsa kan ciyar da ƙudan nan Drosophila suzukii, ɗan asalin gabashin Asiya wanda ya bayyana a Kalifoniya da kudancin Turai a 2008. Macensa na da wani abu kamar zarto da take huda lafiyayyen ceri ta saka ƙwai a ciki. Maƙwabci ɗaya ke nan yana kawo alheri da sharri tare, sai an auna a ga wanne ya rinjaya.

Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin abokan da aka fi tabbatar da amfaninsu tsuntsu ne. Masu bincike na Jami'ar Jihar Michigan sun kafa akwatunan sheƙa domin wani ɗan ƙaramin shaho a gonakin ceri, suka wallafa a 2018 cewa tsuntsaye masu ɓarna sun ragu ƙwarai inda shahon ya zauna. Lissafinsu ya nuna kowace dala ɗaya da aka kashe a kan akwati tana iya ceto ceri na dala 84 zuwa 357.

Hujjar Masu Jayayya

Mai jayayya zai ce manoma sun riga masana sanin abubuwa da yawa, kuma raina iliminsu girman kai ne. Wannan magana tana da nauyi. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana haɗa gero da dawa da wake a gona guda, yana kuma barin gawo a tsakiyar gonarsa, a lokacin da wasu jami'an gona ke kallon hakan a matsayin ci baya. Sai da David Norman da abokan aikinsa a Samaru suka auna gonakin ƙauyukan Zariya a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 aka yarda cewa gaurayen shuka ya fi ba da riba a kowace hekta, ya kuma fi rage haɗarin tashi hannu rabbana. Gawo kuwa an gane cewa dangin wake ne, yana zubar da ganye da damina, ya taka ƙasa ba tare da ya yi wa hatsi inuwa ba.

Sai dai a lura da abin da ya faru a nan. Ilimin manomi ya tsaya ne saboda an ɗora shi a sikeli ya yi nauyi, kuma tun kafin masana su zo shekaru aru-aru na yunwa da ƙoshi sun riga sun tace shi. Yawancin jerin abokan ceri ba su bi ta wannan tankaɗe ba. Wani marubuci ne ya kwafa daga wani, har maimaici ya ba su kamannin gaskiya. Girmama ilimin gargajiya shi ne a gwada shi da gaske, a karɓi abin da ya tsaya, a ajiye abin da ya faɗi.

Wani kuma zai ce, to mene ne laifin dasa tafarnuwa, tun da ko ba ta kori ƙwaro ba za a sa ta a miya? Laifin yana ga abin da aka bari saboda ita. Itacen ceri jarin shekaru ne. Wanda ya dasa Bing guda ɗaya ya kewaye shi da duk furannin da littafi ya lissafa, amma bai san batun lambar S ba, zai jira shekara biyar ya tarar babu komai. Wanda ya dogara da wari ya ƙi sayen raga zai ciyar da tsuntsaye da tsutsa. Asarar ta fi haka girma idan ɗalibi ya saba karɓar magana don kawai an buga ta, domin wannan ɗabi'a za ta bi shi har zuwa maganin da zai sha da irin da zai saya.

Aikin da Ke Gaban Malamai

Ba a buƙatar itacen ceri kafin a koyar da darasinsa. Lambun makaranta ya isa. Ɗalibai na iya tuge wake ko gyaɗa su wanke saiwar, su tsaga ƙullutun su ga jan cikinsu, alamar cewa bakteriyar na aiki. Suna iya ɗaure furannin macen kabewa goma da jakar yadi tun kafin su buɗe, su bar goma a sake, su ƙirga waɗanda suka ƙulla ɗa, sa'annan su maimaita da kuɓewa wadda ke yi wa kanta barbara, su kwatanta. Suna iya raba kwami shida, uku masara zalla, uku masara da wake, a ba su ruwa daidai, a auna abin da aka girbe. Duk wanda ya ji an ce albasa na kare tumatir, a ba shi kwami ya gwada, ya ƙirga ƙwari kowane mako ya rubuta. A cikin waɗannan ƙananan ayyuka ɗalibi zai haɗu da ginshiƙan binciken kimiyya, wato abin kwatance da maimaitawa da awo, fiye da yadda zai haɗu da su a kan allo.

Kammalawa

Itacen ceri ba ya rayuwa shi kaɗai, kuma a nan masu maganar maƙwabtaka sun yi gaskiya. Yana buƙatar ɗan uwa mai lamba dabam, da ƙudan da zai yi masa aike, da gindin da ya dace, da furannin da za su riƙe masa ƙudan, wani lokaci har da shahon da zai yi masa gadi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an san hanyar da yake bi ya yi aikinsa, an kuma ƙirga sakamakonsa a gona. Don haka duk lokacin da aka ce wa ɗalibi tsiro kaza abokin tsiro kaza ne, ya kamata ya tambaya: ta wace hanya yake taimakonsa? An gwada a gona tare da abin kwatance? A wace ƙasa da wane yanayi aka gwada? Malamin da ya saba wa ɗalibansa da waɗannan tambayoyi, ya kuma ba su fartanya da ma'auni su nemo amsa da kansu, ya sauke babban kaso na nauyin da darasin kimiyyar halittu ya ɗora masa.